Wa Ke Da Shaida Ranar Lahadi?

A yawancin majami'un Kaduna, daga Sabon Tasha zuwa Narayi, daga Kakuri zuwa Gonin Gora, akwai wani lokaci a cikin sujadar Lahadi da ake kira lokacin shaida, inda ake ba duk wanda Ubangiji ya yi wa wani alheri dama ya fito gaban jama'a ya faɗa da bakinsa. Al'ada ce mai kyau, tana kuma da tushe, domin Zabura cike take da mutanen da suka yi wa'adin ba da labarin alherin Allah a tsakiyar taron jama'a. Amma duk wanda ya daɗe yana zama a bencin majami'a yana kasa kunne zai lura cewa shaidun da ake bayarwa a yau sun koma kusan iri ɗaya: wannan ya sayi mota, waccan ta sami bizar Ingila, wancan ya tare a sabon gida, wani kuma an ƙara masa girma a wurin aiki. Ra'ayina shi ne, wannan ƙuntatawa da muka yi wa shaida tana koya wa masu bi, a hankali kuma ba tare da kowa ya furta ba, cewa farin cikin Kirista yana rataye ne da abin da ya shigo hannunsa, kuma wanda hannunsa ya zauna wayam, to ko dai bangaskiyarsa ta gaza ko akwai wani zunubi da yake ɓoyewa. A garin da mafi yawan masu sujada ke lissafin yadda mudun masara zai kai su ƙarshen mako, wannan koyarwa tana yi wa mutane rauni a wurin da suka zo neman magani.

Ba ni da wata rigima da mota ko biza. Mutumin da ya yi shekaru yana rububin Keke Napep a Sabo da sassafe, ruwa ya doke shi rana ta doke shi, idan Allah ya hore masa abin hawa wajibi ne ya gode, mu ma mu taya shi murna da zuciya ɗaya. Littafin Mai Hadishi, wanda mutane da yawa ke ɗauka littafin baƙin ciki ne, ya maimaita a wurare da dama cewa mutum ya ci, ya sha, ya ji daɗin aikin da ya sha wahala a kansa, wannan baiwa ce daga hannun Allah. Abin da ke damuna shi ne waɗanda ba sa tashi daga kujerunsu, da kuma abin da suke ɗauka su koma gida da shi.

A majami'un da ke kewayen Kakuri da Nasarawa da Unguwar Television akwai dattawan da suka ƙarar da ƙuruciyarsu a masaƙu. Masaƙar KTL, wadda aka buɗe a 1957, ta rufe a 2002 ta bar ma'aikatanta suna bin haƙƙoƙinsu shekara da shekaru, da yawa daga cikinsu har suka koma ga Mahaliccinsu ba su karɓa ba. UNTL, wadda ta fi ta girma, ta tsayar da injinanta a 2007, Arewa Textiles da sauransu ma duk sun yi shiru. Na san ɗaya daga cikin irin waɗannan dattawa. Yakan iso majami'a tun ana share dandamali, sanye da rigar da guga ta cinye wuyanta, riƙe da Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda bangonsa ya rabu aka ɗaure shi da roba. Da dare yana gadin wani shago, matarsa tana suyar ƙosai a bakin titi, sun aurar da 'ya'ya sun kuma binne ɗaya, kuma duk daɗewar da ya yi cikin masu ƙirga baiko ba a taɓa jin an rasa ko sisi a hannunsa ba. Idan aka ce masu shaida su fito, sai ya sunkuyar da kai. Na taɓa ce masa, "Baba, ku ba za ku fita ba?" Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ni me zan je in faɗa? Mu dai muna nan, Allah yana riƙe da mu." Mutumin da aka cinye masa gumin shekaru masu yawa, bai yi sata ba, bai koma mashayi ba, bai daina addu'a ba, bai kuma bar ɗacin rai ya cinye gidansa ba, shi ne yake ganin ba shi da abin faɗa a gaban ikilisiya, alhali saurayin da aka aiko wa waya daga ƙasar waje yana da minti biyar da makirufo.

Ruwa ba ya tsami banza. Koyarwar da ake kira bisharar wadata ta samo ƙarfinta ne a Amurka, musamman a birnin Tulsa, inda Oral Roberts ya yayata batun shuka iri, wato ka ba Allah kuɗi a matsayin iri domin ka girbe ninkin-ba-ninki, Kenneth Hagin kuma ya koyar da cewa abin da mai bi ya furta da bangaskiya shi zai samu. A Nijeriya, wanda ya fi kowa buɗe mata ƙofa shi ne Benson Idahosa na birnin Benin, wanda ya yi karatu a Dallas a farkon shekarun 1970, ya kuma rasu a 1998. Mu mutanen Kaduna ba baƙi ba ne a wannan tarihi, domin ikilisiyar Living Faith, ɗaya daga cikin mafi girma a wannan tafarki, a nan garin ta fara sujada a 1983 kafin hedkwatarta ta koma kudu. Sai kuma ga tsarin tsuke bakin aljihu na SAP ya shigo a 1986 a zamanin Janar Babangida, darajar naira ta zube, aka yi ta sallamar ma'aikata, takardar makaranta ta daina zama tabbacin samun aiki. Mutanen da gwamnati ta juya wa baya suka ji wani yana ce musu Allah bai halicce su don talauci ba, kuma babu mamaki da suka yi tururuwa zuwa wurinsa.

Adalci ne a faɗi cewa tsofaffin ikilisiyoyinmu ma sun ba da tasu gudummawa ga wannan tururuwar. Akwai lokacin da wa'azinmu bai wuce haƙuri da jiran sama ba, ana kallon kasuwanci kamar wani abin kunya, ana barin faston ƙauye da iyalinsa cikin yunwa ana kiran hakan tawali'u. Sababbin ikilisiyoyin sun koya wa matasa da yawa su tashi su nema, su yi tanadi, su daina raina kansu, sun kuma tuna mana cewa Allah yana amsa addu'a a kan abin da ya shafi ciki da aljihu, ba a kan lahira kaɗai ba. Wanda ya musanta wannan bai yi gaskiya ba. Kuma ba a kan wata ɗarika nake magana ba, domin yanzu abin ya zama ruwan dare: ta talabijin da wayar hannu, da kuma tsoron da fastoci ke yi kada matasa su gudu zuwa majami'ar da ke tsallaken titi, harshen shuka da girbi ya shiga ECWA da Baptist da HEKAN da Angilikan, har a sujadar Hausa ta safe wadda tsofaffi suka fi yawa a cikinta.

Ga yadda abin ke gudana a taron farfaɗowa ko a ranar tara kuɗin gini. Baƙon mai wa'azi zai ce Ubangiji ya nuna masa mutum goma da za su shuka naira dubu ɗari, su fito gaba. Su fito, a ɗora musu hannu, a yi musu doguwar addu'a ana kiran albarkar da za ta biyo baya ɗaya bayan ɗaya. Sai a sauko dubu hamsin, addu'ar ta ɗan gajarta, a sauko dubu goma, ta ƙara gajarta, har a zo kan masu ɗari biyar, waɗanda za a ce su tsaya a inda suke a yi musu addu'a a dunƙule. Yaron da ke zaune kusa da mahaifiyarsa yana kallo ba ya bukatar wani ya fassara masa: ya gane cewa tsawon addu'a yana bin nauyin ambulan. Manzo Yakubu ya riga ya yi magana a kan wannan a sura ta 2 ta wasiƙarsa, inda ya tsauta wa ikilisiyar da ke ba mai zoben zinariya wurin zama mai kyau ta ce wa matalauci ya tsaya can ko ya zauna a ƙasa. Bitrus kuma, a Ayyukan Manzanni sura ta 8, bai yi wa mutumin Samariya da ya miƙo kuɗi yana son sayen baiwar Allah sassauci ba ko kaɗan.

Mafi muni shi ne abin da ke biyo baya. Gwauruwar da ta kwashe kuɗin adashinta ta shuka, tana sa ran kafin wata uku za ta biya kuɗin haya da na makarantar yara, idan watannin suka wuce mai gida ya zo da takardar tashi, ba ta da wurin kai ƙara, domin an riga an shirya amsar tun kafin ta tambaya: ta yi shakka a zuciyarta, ko ta furta maganar rashin bangaskiya, ko akwai wata la'ana ta gidansu da ba a karya ba tukuna, wadda karya ta ma na bukatar wani irin. Lamarin ya yi kama da na mai tallar magani a tashar mota, wanda idan ka warke maganinsa ne ya yi aiki, idan kuwa ba ka warke ba kai ne ka saɓa ƙa'idar sha. Ta yi asarar kuɗinta, sannan an ɗora mata laifin asarar, kuma a wasu lokutan har ta fara zargin cewa Allah ne ba ya sonta. Ba a banza ba ne babban taron masu bishara na duniya da aka yi a birnin Cape Town a 2010, wanda 'yan Afirka da yawa suka halarta, ya amince da ikon Allah na yin al'ajibi da tanadi, amma ya ƙi yarda da koyarwar cewa ana auna albarkar ruhaniya da dukiya ko ana sayen ta da baiko.

Ayar da aka fi rubutawa a bayan Keke da gilashin mota a kudancin Kaduna ita ce Filibiyawa 4:13, wadda ke cewa mai bi yana iya yin kome ta wurin Almasihu mai ƙarfafa shi. Ana karanta ta kamar alkawarin cin jarrabawa da samun kwangila. Amma Bulus yana ɗaure ne sa'ad da ya rubuta wasiƙar, kuma a ayoyi biyun da suka gabata ya bayyana abin da yake nufi da "kome": ya koyi zama da wadar zuci a kowane hali, ya san ƙoshi ya san yunwa, ya san yalwa ya san rashi. Wasiƙar da ta fi kowace a Sabon Alkawari ambaton farin ciki, fursuna ne ya rubuta ta, bai kuma san ko zai fita da rai ba. Wannan Bulus ɗin ne ya roƙi Ubangiji sau uku ya cire masa ƙayar da ke jikinsa, aka amsa masa da cewa alherin Allah ya ishe shi, ƙayar kuwa ta zauna. Shi ne kuma ya gargaɗi Timoti game da masu ɗaukar ibada hanyar samun riba. Haka nan sura ta 11 ta Ibraniyawa, wadda muke sonta saboda jerin waɗanda suka ci mulkoki suka rufe bakin zakoki, ba mu cika karanta ƙarshenta ba, inda ake lissafa waɗanda aka jejjefe da duwatsu, aka kashe da takobi, suka yi yawo cikin fatun tumaki da awaki suna fama da rashi, marubucin kuma ya ce dukansu an yaba musu saboda bangaskiya ɗaya.

Mu a Kaduna muna da ma'aunin da za mu gwada kowace koyarwa da shi, ma'aunin da ba mu roƙa ba. A watan Janairun 2020 'yan bindiga suka shiga makarantar horar da limaman Katolika ta Good Shepherd da ke Kakau, a kan hanyar Abuja, suka tafi da ɗalibai huɗu. Uku suka dawo, aka kashe Michael Nnadi yana da shekara 18. A watan Afrilun 2021 aka kwashe ɗaliban jami'ar Greenfield, aka kashe biyar daga cikinsu. Ranar 5 ga Yulin 2021 aka sace ɗalibai 121 daga sakandaren Bethel Baptist da ke ƙaramar hukumar Chikun, aka riƙa sako su kashi-kashi, iyaye suna zaune a harabar makarantar suna kuka suna addu'a, na ƙarshensu bai dawo gida ba sai bayan fiye da shekara biyu. Wa zai iya tsayawa gaban waɗannan iyaye ya ce wadda ɗanta ya fito a rukunin farko ta fi wadda ta jira watanni bangaskiya, ko kuwa uwar da aka kawo wa gawa ta yi ƙwauron zakka? Ba wanda zai iya, kuma duk koyarwar da mutum zai ji kunyar faɗa a gidan makoki a Chikun ko Kajuru, ban ga dalilin da zai sa ya faɗe ta da ƙarfin murya a kan bagade ranar Lahadi ba. Abokan Ayuba sun yi irin wannan lissafi, suka nace cewa tilas akwai laifin da ya jawo masa masifa, a ƙarshe Allah ya ce ba su faɗi gaskiya game da shi ba. Yesu da kansa, da aka zo kan mutum goma sha takwas da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce ba su fi sauran mazauna Urushalima laifi ba.

Kada mu manta kuma cewa ikilisiyar da da yawa daga cikinmu muka tashi a cikinta da kabari ta fara. Walter Gowans, ɗaya daga cikin samari uku da suka iso Legas a 1893 da nufin kawo bishara cikin ƙasar nan, aikin da ya zama ƙungiyar mishan ta SIM daga baya kuma ya haifi ECWA, ya mutu da ciwo a Girku, cikin jiharmu, a 1894, bai kai shekara talatin ba, bai kuma ga ko majami'a ɗaya ba. Da a yau ne, da bai sami gurbi a lokacin shaida ba.

Wata asarar da wannan tunani ya jawo mana ita ce mun rasa yadda ake kuka a gaban Allah. Kaso mai yawa na Zabura kuka ne da ƙorafi, ana tambayar Allah har yaushe, ana tambayarsa don me ya ɓoye fuskarsa. Zabura 88 ma ta ƙare ba tare da wata kalmar ta'aziyya ba, duk da haka aka bar ta cikin littafin waƙoƙin jama'ar Allah. Akwai littafi sukutum mai suna Makoki. Yesu ya yi kuka a kabarin Li'azaru ko da yake ya san abin da zai yi bayan 'yan mintoci. Amma a wasu majami'unmu, wanda ya ce ba shi da lafiya sai a yi saurin rufe masa baki a ce kada ya furta wa kansa mugun abu, matar da mijinta ya rasu kuwa ana so ta share hawaye tun kafin a watse daga maƙabarta, wai don kada a ce ba ta da bege. Sakamakon haka shi ne mutane suna zuwa sujada da fuska biyu. Akwai asibitin masu taɓin hankali da ciwon damuwa na tarayya a Barnawa, a tsakiyar unguwanninmu, amma masu bi da yawa da baƙin ciki ya danne sun gwammace su yi ta azumi a ɓoye da a gan su a ƙofarsa, domin an sa musu a rai cewa Kiristan kirki ba ya shiga damuwa. A 2003 an yi ta yayata wani bincike da ya ce 'yan Nijeriya sun fi kowa farin ciki a duniya, har yau ana kawo shi a wa'azi, amma ni ina ganin wanda ya san yadda muke amsa gaisuwa da "lafiya lau" ko da gobara ce ta tashi a gida zai karɓi irin wannan sakamako da taka-tsantsan.

Na san abin da za a ce mini, kuma magana ce mai nauyi: shin wannan ba komawa ba ne ga tsohon wa'azin nan na a yi haƙuri, wanda masu mulki suka fi kowa so? Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota da na abinci suka ninka, mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024 kuwa naira 70,000 ne, kuɗin da a wasu watanni bai kai farashin buhun shinkafa ɗaya ba, kuma a irin wannan hali duk mai wa'azin wadar zuci ya cancanci a tuhume shi da taya azzalumai aiki. Amsata ita ce, wadar zucin da Littafi Mai Tsarki ke koyarwa ba ta taɓa hana mutum neman haƙƙinsa ba. A garin Filibi ɗin nan ne aka yi wa Bulus da Sila bulala aka jefa su kurkuku, suka yi ta waƙar yabo da tsakar dare. Da gari ya waye mahukunta suka aiko a sake su a asirce, Bulus ya ce atafau ba za su fita ba, tun da an doke su a bainar jama'a ba tare da shari'a ba alhali su 'yan ƙasar Roma ne, sai mahukuntan sun zo da kansu. Mutum ɗaya ne ya yi waƙar da dare ya kuma tsaya kan haƙƙinsa da safe. Yakubu ya ce ladan ma'aikatan da aka danne yana kuka har kunnen Ubangiji, wannan aya kuwa ta shafi masu masaƙar da suka tafi da kuɗin dattijon nan na Kakuri, ta kuma shafi makarantun da ikilisiyoyi suka mallaka inda ake biyan malami abin da bai kai mafi ƙarancin albashi ba ana ce masa hidima yake yi. Hasali ma bisharar wadata ce ta fi yi wa azzalumi daɗi, domin ta mai da talauci matsalar mutum shi kaɗai tsakaninsa da aljanun gidansu, ta ɗauke idon jama'a daga wanda ya sace kuɗin asibiti, sau da yawa ma ta ba shi kujerar gaba ranar godiya.

Idan aka tambaye ni inda na fi ganin farin cikin da bangaskiya ke bayarwa a wannan gari, zan nuna Zumuntar Mata. Idan aka yi rasuwa a unguwa, kafin dangi na nesa su iso sun riga sun hallara da zanensu iri ɗaya, wannan ta riƙo mudun masara, waccan ta ɗauko itace, wata ta zo da manja a kwalba, wata ba ta da kome sai hannunta na wanke-wanke. Su kafa murhu a bayan gida, su zauna da mai makoki a kan tabarma, ba mai tambayarta zunubin da ta yi; in ta yi kuka su yi tare da ita, in dare ya yi su ɗauko tulu da kacau-kacau su rera waƙoƙin Hausa har ta sami barci, wasu su kwana a nan. Bayan mako guda waɗannan matan ne za ka gani a bikin auren 'yar wata a cikinsu suna rawa har ƙura ta tashi, kuma dariyarsu ta gaske ce. Yawancinsu masu sayar da kayan miya ne da masu ɗinki da malaman firamare da masu sharar ofis, kowacce da nata nauyin, amma kowacce ta san cewa ranar da tata ta same ta ba za ta zauna ita kaɗai ba. Abin da Bulus ya rubuta wa Romawa ke nan, a yi murna da masu murna a yi kuka da masu kuka, kuma su ba su tsaya jiran a tara musu taron bita a kansa ba. Maƙwabtanmu Musulmi suna da kalmar da suke faɗa, cewa godiya ta tabbata ga Allah a kowane hali, mu ma an umarce mu da yin godiya cikin kowane hali a wasiƙar farko zuwa ga Tasalonikawa. Waɗannan mata sun fi masu dogon wa'azi riƙe wannan umarni.

Saboda haka ba cewa nake a soke lokacin shaida ba, faɗaɗa shi nake so a yi, kuma fasto ne zai fara, domin mutane irin dattijon nan ba za su fito da kansu ba sai an je an same su a gida an roƙe su. A ji daga bakin matar da ta yi shekaru tana jinyar mijinta mai shanyewar jiki, da ma'aikacin da ya ƙi sa hannu a takardar ƙarya aka mai da shi wani lungu, da wanda ya yafe wa ɗan'uwan da ya cinye masa gado, da wadda har yanzu ba ta sami haihuwa ba amma ba ta bar Ubangiji ba, a kuma ƙyale wanda addu'arsa ba ta sami amsar da yake so ba ya faɗi hakan ba tare da wani ya karɓe makirufo ya gyara masa magana ba. Yaran da ke sauraro suna bukatar su san cewa irin wannan rayuwa ma tana cikin abin da ake tafa wa, tun kafin ranar da za su gama makaranta su yi shekaru ba aiki su fara tunanin Allah ya yashe su.

Kiran mutane gaba bisa ga yawan abin da za su bayar kuwa, a daina shi kawai. Yesu ya ce kada hannun hagu ya san abin da na dama ke yi, kuma akwatin baiko ya ishi wannan aiki. Sannan a ranar da ake karanta rahoton kuɗi na shekara, 'yan ikilisiya su tambaya a fili nawa aka kashe a kan gini da na'urorin sauti da bikin karrama baƙi, nawa kuma ya isa hannun gwauraye da marayu da waɗanda aka koro daga ƙauyukansu suke raɓe a gidajen dangi a Maraban Rido da Gonin Gora. Ikilisiyar farko a Urushalima, da aka yi gunaguni cewa ana tsallake wasu gwauraye wajen rabon abinci na kullum, ba ta ce musu su ƙara bangaskiya ba, sai ta zaɓi mutum bakwai masu mutunci ta danƙa musu aikin, Istifanas yana cikinsu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan gyare-gyare da ke bukatar izini daga hedkwatar ɗarika ko taron ƙasa. Majalisar dattawan kowace majami'a tana iya yanke su a zamanta na wata mai zuwa.